Wa Ke da Igiyar Ruwa? Tarihin Gaɓar Tsibirin Oahu

Oahu shi ne na uku a girma cikin tsibiran Hawai, amma a nan babban birnin Honolulu yake, a nan kuma mafi yawan jama'a suke zaune. In babu cunkoso, mota takan ratsa shi daga kudu zuwa arewa cikin sa'a guda. Abin da ya ɗaukaka sunansa a wurin masu hawan igiyar ruwa shi ne inda Allah ya ajiye shi: tsakiyar Tekun Fasifik, kusan kilomita 4,000 daga gaɓar Amurka, ba wata ƙasa da ta yi masa katanga ta kowace fuska.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu guguwa takan tashi can arewa, wajen tsibiran Aleutian, ta yi kwanaki tana dukan teku. Ƙarfin da ta zuba cikin ruwa yakan yi tafiyar dubban kilomita kafin ya tarar da ƙasa. A gaɓar manyan nahiyoyi akwai shimfiɗa marar zurfi da ke rage wa igiya ƙarfi tun daga nesa. Hawai ba ta da wannan, domin tsibiranta kawunan duwatsu ne masu aman wuta da suka taso tsaye daga ƙasan teku. Igiya takan iso da ƙarfinta cif, ta yi karo da dutsen murjani, ta miƙe farat ɗaya, ta karye. Siffar dutsen da ke ƙasa ita ke yanke yadda za ta karye, shi ya sa kowane wuri yake da halinsa da sunansa: Haleiwa, Waimea, Pipeline, Sunset, duk a jere cikin kilomita 11 na gaɓar arewa. Daga Mayu kuma sai arewa ta kwanta luf, guguwar da ke tashi kusa da New Zealand ta riƙa aiko da igiya mai sauƙin hali zuwa kudu, inda Waikiki yake.

Mutanen da suka fara zama a tsibiran sun zo ne cikin manyan kwalekwale daga tsibiran Polinesiya na kudu, wajen shekara 1,000 da suka wuce. Kwanciya a kan guntun katako a bar igiya ta kawo mutum gaɓa ba su kaɗai suka san shi ba. Wani Bature matafiyi, James Alexander, ya ga yara suna yin haka a bakin tekun Accra a shekarun 1830. Abin da mutanen Hawai suka ƙara shi ne tsayuwa da ƙafa a kan dogon allo, da kuma shigar da wasan cikin addini da sarauta. Suna kiransa he'e nalu. Talaka yakan hau alaia, siririn allo na itacen koa. Basarake kuwa olo yake hawa, mai kauri, wanda kan wuce mita 5, da ake sassaƙawa daga itacen wiliwili marar nauyi. Olo a wurin basarakensu tamkar ingarman doki ne ga hakimi ranar hawan sallah: a kansa ake ganin isa, faɗuwa daga kansa kuma abin kunya ne a gaban jama'a. Kafin a sare itace, masassaƙi yakan ajiye jan kifi a gindinsa ya yi addu'a irin tasu. A goge allon da murjani, a baƙanta shi, a shafe shi da man ƙwallon kukui, in an fito daga ruwa a naɗe shi da zane a rataye a ɗaki. Maza da mata duk suna hawa. Ana caca a kai, a sa aladu da taru da kwalekwale. In teku ya daɗe a kwance, sai su ɗebo wata yaɗiya ta bakin ruwa su riƙa dukan tekun da ita suna waƙa, suna kiran igiya ta taso. Akwai kuma dokar kapu, wadda ta raba abin da ya halatta ga sarki da na talaka, har ta kai ga wasu igiyoyin ba kowa ke kusantar su ba idan sarakuna na ciki.

Kyaftin James Cook ya iso a 1778, aka kashe shi a Kealakekua a Fabrairun 1779. Ɗaya daga cikin hafsoshinsa, James King, ya rubuta yadda ya ga mutane suna shiga ruwan da matuƙan Ingila ke gudu, suna fitowa da dariya. Bayan shekara 16 Sarki Kamehameha ya ci Oahu da yaƙi, a 1810 kuma tsibiran duka suka koma ƙarƙashinsa. Shi da matarsa Ka'ahumanu gwanayen hawa ne, kuma Waikiki, da tafkunan kifinsa da fadamun gwaza da itatuwan kwakwa, ya zama wurin hutun fada.

Labarin da aka fi yaɗawa game da abin da ya biyo baya gajere ne: 'yan mishan suka zo daga Amurka a 1820, suka hana, wasan ya mutu, sai Turawa suka farfaɗo da shi a farkon ƙarni na 20. Kowane ɓangare na wannan labari yana da gyara. Gaskiya ne ɗan mishan Hiram Bingham da abokansa sun ƙi jinin tsiraici da caca da cuɗanyar maza da mata a ruwa, kuma Bingham ya ɗauki raguwar wasan a matsayin alamar mutane sun fara kunya da aiki da ibada. Amma tun a 1819, kafin jirginsu ya iso, sarakunan Hawai da kansu suka rushe dokar kapu. Babban abin da ya ci mahaya kuwa cuta ce. Tunjere, ƙyanda a 1848, agana a 1853, sannan kuturta. Al'ummar da aka ƙiyasta ta kai mutum 300,000 ko fiye a zamanin Cook ta dawo wajen 40,000 a shekarun 1890. Aka zo rabon ƙasa na 1848, wanda talakawa suka tashi da ƙasa da kashi 1 cikin 100, aka kuma ba baƙi damar mallakar fili a 1850. Gonakin rake suka cinye kwari da tudu. Wanda ke kabari ba ya hawa igiya, wanda kuma ƙararrawar gona ke tayarwa da asuba ba ya iya ajiye aiki don teku ya yi kyau, alhali a da ƙauye guda kan watse a tafi ruwa idan igiya ta zo.

Duk da haka wasan bai mutu ba. Marubuci Mark Twain ya tarar ana yi a 1866, ya gwada, ya sha ruwa ya haƙura. A 1885 'ya'yan sarauta uku da ke karatu a Kalifoniya, David Kawananakoa da Edward Keli'iahonui da Jonah Kuhio, sun sa an yanka musu alluna suka hau igiya a bakin kogin San Lorenzo a Santa Cruz. Gimbiya Ka'iulani, magajiyar gadon sarauta, tana hawa a Waikiki. Masanin tarihi Isaiah Walker, ɗan Hawai, ya yi littafi a 2011 mai suna Waves of Resistance, inda ya nuna cewa bayan an ƙwace ƙasa, cikin ruwa ne kaɗai ɗan ƙasa ya ci gaba da zama mai faɗa a ji. A ganina wannan ne mabuɗin duk abin da ya faru a gaɓar Oahu daga baya. Fili ana auna shi, a yi masa takarda, a sayar. Igiya ba ta tsayawa a auna ta.

A ranar 17 ga Janairun 1893 attajiran rake, da goyon bayan sojojin ruwan Amurka, suka tumɓuke Sarauniya Lili'uokalani. A 1898 Amurka ta haɗe tsibiran. Otal ɗin Moana ya buɗe a Waikiki a 1901, aka fara neman abin da zai jawo masu yawon buɗe ido. Nan wani Ba'amurke ɗan jarida, Alexander Hume Ford, ya gane cewa hoton mutum tsaye a kan ruwa ya fi kowace talla. A 1907 ya haɗa marubuci Jack London da wani matashi ruwa biyu, George Freeth, London ya rubuta labarin da ya zaga Amurka, Freeth kuma ya tafi Kalifoniya yana nuna wasan a Redondo. A 1908 Ford ya kafa ƙungiyar Outrigger, wadda ba a daɗe ba ta zama matattarar Turawa masu hannu da shuni. Burin Ford bai tsaya ga wasa ba, so yake fararen fata su ƙaura su cika tsibiran. 'Yan ƙasa suka kafa tasu, Hui Nalu, a 1911. Ba su da gini, a gindin wata bishiya kusa da Moana suke taruwa, kayansu kuma a banɗakin otal suke canjawa. A tseren ninkaya da na kwalekwale su ke yawan lashe kofi.

Daga cikinsu Duke Kahanamoku ya fito. Duke sunan yanka ne da ya gada daga mahaifinsa, ba sarauta ba. An haife shi a 1890. A 1911 ya yi ninkayar yadi 100 a tashar jiragen Honolulu cikin daƙiƙa 55.4, ya zarce bajintar duniya da fiye da daƙiƙa 4. Hukumar wasanni a Amurka ta ƙi yarda, ta ce ko dai ruwa ne ya tura shi ko masu agogo ne suka yi kuskure. Shekara guda bayan haka ya ci zinare a gasar Olimfik ta Stockholm, ya ƙara biyu a Antwerp a 1920. Duk inda aka gayyace shi ninkaya sai ya nemi katako. A ƙarshen 1914 ya sassaƙa allo a Sydney ya hau a gaɓar Freshwater, allon yana nan ajiye har yau. A 1925, a Newport ta Kalifoniya, wani jirgin masunta ya kife, ya yi ta kai da komo a kan allonsa har ya ceto mutum 8. Da ya koma gida bai tara dukiya ba. Ya taɓa riƙe gidan mai, daga baya aka yi ta zaɓensa sherif na Honolulu sama da shekara 25, yana tarbar manyan baƙi yana rataya musu furanni. Waikiki ɗin da ya tashi a ciki ma ya sauya a idonsa. Tsakanin 1921 da 1928 aka haƙa magudanar Ala Wai, aka tsane fadamun, aka cike tafkunan kifi, otal-otal suka tashi, rairayin bakin teku ya riƙa zaizayewa har sai an yi dakonsa daga wasu wurare. Tsofaffin sunaye suka bi su. Igiyar sarakuna da ake kira Kalehuawehe ta koma Castles, da sunan wani gidan attajirai jikokin 'yan mishan da ke kallon ta.

Allunan zamanin Duke suna iya kaiwa kilo 45 ko fiye, gindinsu mai faɗi, a babbar igiya sai su zame gefe su zubar da mai su. Tom Blake ya rage nauyi da allo mai rami a ciki, a 1935 kuma ya manna ɗan ƙaramin fiffike a ƙarƙashi. A 1937 wasu samarin Honolulu, John Kelly da Fran Heath da Wally Froiseth, suka sa gatari suka fiƙe gindin allo, suka ga yana riƙe jikin igiya mai tsayi. Da wannan suka nufi yamma, Makaha, yankin busasshiyar ƙasa da talakawan 'yan ƙasa, inda aka fara gasar duniya a 1954.

Arewa kuwa ana tsoronta, kuma da dalili. A Disambar 1943 Woody Brown da wani yaro ɗan shekara 17, Dickie Cross, suka shiga ruwa a Sunset da yamma. Teku ya yi ta hauhawa har hanyar komawa ta rufe. Suka yanke shawarar tuƙawa da hannu zuwa Waimea, kilomita kusan 4, suna zaton zurfin wurin zai ba su mafita. Suka tarar da shi a rufe shi ma. Ruwa ba sa'an kwando ba ne: Brown igiya ta jefo shi gaɓa tsirara, wasu sojoji suka ja shi, Cross kuwa ko gawarsa ba a gani ba. Shekara 14 ba wanda ya sake taɓa Waimea. A halin nan, a 1953, jaridun Kalifoniya suka buga hoton mutum uku suna gangarowa daga wata ƙatuwar igiya a Makaha, samari suka fara ajiye aiki suna hawa jirgi. Suka kama tsofaffin gidaje a arewa, suna cin kifin da suka soka da abarbar da suka tsinka a gonakin kamfani. A Nuwambar 1957 Greg Noll da wasu abokansa suka shiga Waimea suka fito da rai. Turawa sukan ce su ne na farko. Na farko da kyamara ta ɗauka dai, domin labaran baka na mutanen wurin sun ambaci sarakunan da suka hau Waimea tun kafin zuwan Cook.

Pipeline ya fi jinkiri, don matsalarsa ba girma ba ce. Dutsen da ke ƙarƙashinsa kusa yake da gaɓa, ruwan da ke kansa wani lokaci bai fi tsayin mutum ba, ga kogo da ramuka. Igiya in ta iso takan wurgo leɓenta gaba, ta naɗe ta bar rami a ciki wanda mutum zai tsaya. A Disambar 1961 Phil Edwards ya hau, Bruce Brown ya ɗauka a fim, kuma aikin binne bututu da ake yi a bakin titi a lokacin shi ya ba wurin suna. Da aka gajarta alluna a ƙarshen shekarun 1960, bayan tuni an bar katako an koma soso mai tauri da aka lulluɓe da zaren gilashi, sai shiga cikin ramin ya zama shi ne gwaninta. Gerry Lopez, ɗan Honolulu, ya lashe gasar Pipeline Masters a 1972 da 1973, yana tsaye a ciki a sake kamar ba abin da ya dame shi. Wurin ya ci rayuka da dama, har da gwanin Tahiti Malik Joyeux a 2005.

Da kuɗi suka shigo, rigima ta shigo. A 1975 da 1976 samarin Ostireliya da Afirka ta Kudu, irin su Wayne Bartholomew da Ian Cairns da Shaun Tomson, suka mamaye gasannin arewa. Sun iya, ba mai musu. Sai dai wasunsu sun haɗa da cika baki a mujallu, suna nuna zamanin 'yan Hawai ya wuce. Ba su san a kan wane miki suke taka ba. A daidai wannan lokaci ne 'yan ƙasa ke fafutukar hana korar manoma daga kwaruruka, da hana sojoji gwajin bam a tsibirin Kaho'olawe, da farfaɗo da harshensu. Masu shirya gasa kuma sukan karɓi takarda daga hukuma su ce kowa ya fita daga ruwa. Aka lakaɗa wa Bartholomew duka a Sunset har ya rasa haƙora, shi da Cairns suka ɓuya a wani masauki a Kuilima. A 1976 ne 'yan ƙasa suka kafa Hui O He'e Nalu, masu baƙin gajeren wando, waɗanda kan kutsa tsakiyar gasa su hau igiyarsu. Daga baya masu gasar suka ga ba mafita sai su ɗauke su aikin tsaron ruwa su biya su. Ba zan wanke su tas ba, an yi zalunci da sunan kare gida, an doki waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Amma wanda ya kira su 'yan daba kawai bai karanta abin da ya faru tun 1848 ba.

Wanda ya kashe wutar 1976 shi ne Eddie Aikau. Iyalinsa masu gadin wata maƙabartar Sinawa ne a kwarin Pauoa, a nan suke zaune. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 16 ya yi aiki a masana'antar gwangwanin abarba har ya sayi allo. Shi ne ma'aikacin ceto na farko da hukuma ta ajiye a Waimea, ana danganta masa ceton mutum sama da 500, kuma ba wanda ya mutu yana bakin aiki. Ya je Kuilima da kansa, ya tara ɓangarorin biyu a zaman sulhu irin na gargajiya, aka faɗa wa baƙin laifinsu a gaban jama'a, suka ba da haƙuri. A 1977 ya lashe gasar tunawa da Duke a Sunset. A shekara ta gaba ya shiga cikin matuƙan Hokule'a, kwalekwalen da aka ƙera irin na kakanni, wanda a 1976 ya je Tahiti ba da na'ura ba, sai taurari da iska. Sun tashi ranar 16 ga Maris 1978 cikin mummunan yanayi, jirgin ya kife kudu da Moloka'i cikin dare. Da gari ya waye ba alamar taimako, Eddie ya nemi izinin kyaftin ya hau allonsa ya nufi tsibirin Lana'i. Sauran, wani jirgin sama ya hango wutar da suka harba aka cece su. Shi ba a sake ganinsa ba. Shekarunsa 31.

Gasar da ake yi da sunansa a Waimea tana da sharaɗi: sai fuskar igiya ta kai wajen mita 12 kuma ta ɗore yini guda. Saboda haka shekaru sukan wuce ba a yi ba. Ƙanensa Clyde ya lashe ta farko da aka yi a Waimea ɗin. A Janairun 2023, karon da aka fara sa mata a ciki, wanda ya ci shi ne Luke Shepardson, ma'aikacin ceto da ke bakin aiki a ranar. Izini ya riƙa ɗauka ya shiga ruwa ya dawo kan hasumiyarsa, da rigar aiki kuma ya karɓi kyauta, ya bar John John Florence, tsohon zakaran duniya, a na biyu. Shekara guda kafin nan wata 'yar unguwar, Moana Jones Wong, ta doke Carissa Moore a Pipeline, ita kuwa Moore ita ce ta ci zinaren farko na mata da aka sa wasan a Olimfik a Tokyo. A gasannin duniya tutar Hawai Moore ta riƙa ɗauka, a Olimfik kuwa dole ta ɗauki ta Amurka.

A doka, rairayi da ruwan Hawai na kowa ne. Kotun ƙolin jihar, ƙarƙashin alƙalin alƙalai William Richardson, wanda shi ma jinin 'yan ƙasa ne, ta yanke a 1968 cewa iyakar mai fili tana tsayawa inda igiya ke kaiwa, ta dogara da al'adar mutanen da. Abin da ke bayan wannan layi kuwa kasuwa ce ke yanke shi. Gidajen da ke kallon Pipeline yanzu na miliyoyin daloli ne, wasu kamfanonin kayan wasan ne suka saya don saukar da 'yan wasansu a lokacin sanyi. Tekun ma yana karɓar nasa kason, a Fabrairun 2022 wani gida kusa da Sunset ya rufta kan rairayi bayan ruwa ya cinye ƙarƙashinsa. Tsadar haya ta kori iyalai da yawa daga Makaha da Waimanalo zuwa Las Vegas, tsakiyar hamada, kuma ƙidayar 2020 ta nuna cewa 'yan asalin Hawai da ke zaune a sauran jihohin Amurka sun fi waɗanda suka rage a tsibiran yawa.